Ni a Zaune, Ƙanena a Tsaye

Mahaifinmu mai haƙar rijiya ne. A ƙasar Dakoro wannan ba ƙaramar sana'a ba ce, domin ruwanmu yana da nisa ƙwarai, sai an bi shi ƙasa har mai haƙa ya ɗaga kai ya ga bakin rijiya ya koma kamar faifai. Manoma na neman Baba, Fulani da Abzinawa na neman shi, in ya ratsa kasuwar bisashe ba ya rasa mai kiran shi ya zo ya sha nono. Mu biyu ya haifa maza, ni ne ɗan fari, sai ƙanena da ke bi mini. Na fi shi tsawo nesa ba kusa ba, na fi shi faɗin kafaɗa. Tun ina yaro, in na gitta, tsofaffi kan ce, "Ga magajin dagi nan." Dagi shi ne ƙarfen da ake sarar ƙasa da shi a gindin rijiya. Ƙanena kuwa guntu ne, shiru-shiru, ga son barci. Ba wanda ya taɓa ce masa magajin kome.

Shekarar da na fara sauka rijiya tare da Baba, da kaka ta yi, zazzaɓi da gudawa suka haɗu suka kwantar da ni, tun ana yankan hatsi har aka gama cika rumbuna. Na tashi a rame, amma dai na tashi, aka yi ta yi wa Baba barka.

Wata safiya ina zaune bakin ɗaki ina shan kunu, Baba ya kira ni daga ƙofar gida in zo in kama masa jaki. Na zabura na miƙe yadda na saba. Ban yi nisa ba sai duhu ya taso mini ta gefen idanu, kunnuwana suka toshe, numfashi ya tsaya mini a maƙoshi. Ina ja, ba ya isa ciki, kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Wuyana da kafaɗuna suka yi nauyi, gwiwoyina suka saki. Na durƙusa na dafa ƙasa. Ina durƙusawa abin ya fara sakina, haske ya dawo, iska ta sami hanya.

"Mi ya same ka?" in ji Baba.

"Ba kome, Baba. Jiri ne."

"Sauran zazzaɓi ne. Zai wuce."

Bai wuce ba. Sanyi ya zo ya tafi, jikina ya murmure, nama ya dawo, abin nan yana nan. Ya fi tsanani da safe, da kuma in rana ta take, ko in na ci tuwo na ƙoshi. In na daɗe a zaune na miƙe, sai haki kamar wanda ya yi tsere da doki, alhali ko taku ban yi ba. In kuma na koma na zauna, ƙalau nake. Ina cin abinci kamar kowa, ina dariya, a zaune ba saurayin da ke iya lanƙwasa mini hannu. Wannan shi ya sa mutane suka kasa yarda da ni. Wata gwaggonmu ta faɗa a gabana, tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba, "Ciwon da ba ya hana cin tuwo, sai dai ya hana ɗaukar kaya, ai mun san sunanshi."

An yi mini rubutu na sha, an turara ni, an dafa saiwoyi masu ɗacin da har yau in na tuna sai bakina ya tara miyau. Wasu suka ce mutanen rijiya ne suka shafe ni, wai na sauka ba tare da sallama ba. Inna kuwa, da yake ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna kusa da ni ta tambaye ni jiki. Na san ita ke dafa maganin, amma ta hannun wani yake iso ni. Ƙanena shi ba kunya tsakaninsu. In ya yi tuntuɓe za ka ji ta ce, "Wayyo, autana, sannu!" Da ban taɓa lura da wannan ba, don haka na tashi na gani a kowane gida. Da na zama mai zaman tsakar gida sai na fara ji, kowace kalma tana shiga kunnena.

Da rani Baba ya karɓi aikin wata rijiya a wani ƙauye ta wajen Ajekoriya. Ya dube ni ya ce, "Aikin ƙasa ai ba a tsaye ake yin shi ba, a durƙushe ne. Zo ka gwada." Ba zan iya faɗin daɗin da na ji ba. Muka tafi mu uku, ƙanena aikinsa korar bijimi mai jan igiya da zubar da ƙasar da aka fitar.

Aka zura ni ina zaune cikin maɗaukin igiya. Gindin rijiya da sanyi, ga ƙanshin ɗanyar ƙasa. Na durƙusa na kama dagi, na yi ta sara, ina jin ƙarfina yana nan yadda na bar shi. Na cika kwando. Igiya ta tsaya sama da kaina kaɗan, sai na miƙe in kamo ta. Abin da na sani ke nan. Na tuna ina neman iska ina buɗe baki kamar kifin da aka fitar, daga nan shiru.

Da na farfaɗo, fuskar ƙanena na gani dab da tawa, yana ɗaura mini igiya ta ƙarƙashin hamata. Bai taɓa sauka rijiya ba sai ran nan. Baba ya ɗora ƙafa zai sauka, mutane suka riƙe shi suka ce in ya shiga wa zai tsaya kan igiya, kafin a gama gardama yaron ya riga ya kama ya zura.

"Yaya, kada ka motsa," ya ce mini. "Za su ja ka."

Aka ja ni, shi ya zauna can ƙasa cikin duhu yana jiran nasa. Aka shimfiɗe ni gindin wata aduwa, aka yayyafa mini ruwa. Da ya fito, sai mutane duk suka bar ni suka koma kansa. Wannan ya dafa kansa, wancan ya kakkaɓe masa ƙasa. Wani tsoho ya ce, "Ashe guntun nan namiji ne!" Ina kwance ina kallon ƙafafunsu. Ya ceci raina, na san da haka, ban taɓa musu ba. Amma abin da ya fara shiga zuciyata a gindin aduwar nan ba godiya ba ce.

Da za mu koma gida, Baba ya tattara kayan aiki. Ya ɗauki dagi ya miƙa wa ƙanena ya saɓa a kafaɗa. Ni aka aza ni bisa jaki tare da kwanduna.

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama yana kallon ƙanensa na saka takalmin da aka yanka dominsa ba.

Baba ya kawo mini kaba da fatu ya zube gabana. Ya ce, "Mai rijiya ba ya yi sai da mai igiya. Kai za ka riƙa yi mana." Na san lallashi ne, amma na karɓa. Na koyi tufka, na koyi jeme fata da ɗinka guga. Akwai wata bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, a ƙofar gidanmu, nan na mai da wurin zama, in miƙe ƙafa in maƙala bakin igiya a babban yatsa in yi ta murzawa. Igiyata ba ta taɓa tsinkewa da kowa ba. Sai dai ban taɓa jin an tono ruwa an ce a gaida mai igiya ba.

Daga gindin bedin nan nake ganin kome. Ina ganin su sun fita da sassafe, Baba a gaba, shi a baya da dagi. Ina ganin yadda kafaɗunsa suka fara buɗewa, yadda ya daina barcin safe. Abin da ya fi cin raina ba babba ba ne: yadda yake tashi. Yana zaune ana hira, a kira shi, sai ya yi wuf ya miƙe, yana tafiya yana ƙarasa maganarsa, ko tunanin abin bai yi ba. Nakan bi shi da ido in ce a raina, dubi wannan, bai ma san abin da aka ba shi ba.

Ga kuma masallaci. Tasowa daga sujada ita ce ta fi kayar da ni. Sau biyu ina faɗawa kan na kusa da ni, sai liman ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, addini bai matsa ba. Ka riƙa yi a zaune." Tun daga nan wurina ya koma ƙarshen sahu, jikin bango, tare da wani makaho da tsofaffi masu ciwon gwiwa. Ni da ko gemu ban tara ba. In an tayar da salla, sahu ya miƙe, abin da nake gani shi ne dugadugan tsarana, na ƙanena a cikinsu, duk sun tsage da ƙasar rijiya.

Zamanin Nasara ne, Faransawa na mulki. Wata rana wani gardi, wato dogarin Nasara, ya zo bisa raƙumi da saƙon kumandan, Bafaranshen da ke riƙe da ƙasarmu, wai za a haƙa rijiyoyi a arewa, ta wajen Azagor, domin makiyaya, ana neman Baba da mataimakinsa. A lokacin, in an ga gardi ya nufo unguwa, samari kan tsallake danga su shige daji, don aikin Nasara ba a san ranar dawowa ba. Ni kuwa gyara zama na yi, na buɗe ƙirji. Gardin ya tsaya kaina ya dube ni sama da ƙasa.

"Wanga ƙato fa? Ba ɗanka ba ne?"

"Ɗana ne," in ji Baba. "Ba shi da lafiya."

"Wanga? Kai, tashi mu gani."

Da na bi a hankali, mai yiwuwa da na tsaya. Amma ƙanena na wurin, ga mutane sun taru. Na yi wuf na miƙe irin yadda yake yi. Na ji ina cewa, "Lafiyata lau," ban san ko maganar ta fito ba. Sai ga ni zaune dirshan cikin kaba, ina haki, gardi na dariya har bulalarsa na faɗuwa. Ya nuna ƙanena da baki ya ce, "A taho da guntun."

Maƙwabta suka yi ta shigowa suna ce mini na yi sa'a, wai ciwo ya yi mini rana. Inna ta shige ɗaki tana kukan autanta. Ba wanda ya san cewa da za a ce in ba da hannuna ɗaya a tafi da ni, da na bayar.

Sun daɗe. Ni na zama namijin gida, namijin da ba ya iya ɗora wa jaki kaya sai mata sun kama masa. Sai da damina ta kusa faɗuwa suka dawo. Na hango su daga nesa ban gane ƙanena ba. Ya yi baƙi, ya naɗa rawani irin na mutanen arewa har bisa hanci, yana janye da wata karsana ja da makiyaya suka ba shi tukuici, don shi ya fara taɓa ruwa a rijiyar da Baba kansa ya fara fid da rai. Bakinsa ya cika da kalmomin Abzinawa, in ya yi magana sai ya jefa ɗaya, sa'an nan ya fassara mana. 'Yan mata suka sa shi cikin waƙar dandali. Ina gindin bedi da yamma ina jin ana rera sunansa ana tafi.

Ya zo ya durƙusa gabana, ya ajiye mini wasu takalma masu faɗi na fatar raƙumi, irin na tafiya cikin rairayi.

"Yaya, ga tsarabarka."

"Ina za ni da su?" na ce.

Ya sunkuyar da kai. Na so ya mayar mini da magana, ko ya yi fushi, in sami abin riƙewa. Bai yi ba. Ya ce, "Igiyarka ta yi mana aiki. Har Nasara ya tambayi wa ya tufka ta." Na ɗauka ƙarya ce ya shirya don ya faranta mini, har yau kuma ban sani ba.

Shi ne kuma ya jiyo labarin wani likita Bafaranshe da ke zagayowa daga Maradi, yana kwana biyu a gidan likitan bariki yana duba mutane. Ya matsa sai mun je. Na ce ba ni zuwa, Baba ya ce in tashi. Ƙanena ya kama jaki, na hau, yana gaba yana ja, muka ratsa gari kowa na gani.

Likitan wani siriri ne mai jan wuya, yana ta share gumi. Mai yin allura, wani mutumin Damagaram, shi ke fassara. Na faɗi abin da ke damuna ina jiran a yi dariya, ba a yi ba. Likita ya sa na kwanta bisa wani gadon ƙarfe na ɗan jima. Ya naɗa mini wata ɗamara a damtse, ya hura mata iska har ta matse ni, yana kallon wani abu kamar agogo mai allura, ya sa wata roba a kunne yana saurare. Sa'an nan ya ce in tashi tsaye. Ƙanena ya matso zai riƙe ni, na ture hannunsa. Na miƙe, abin ya taso, ina haki, likita na ta hura ɗamararsa da sauri. Kafin in zube suka zaunar da ni.

Ya yi magana mai tsawo, mai allura ya juyo ya ce, "Ya ce ba ƙarya kake ba, ga shi ya gani. Abin da suke aunawa sunanshi tansiyo, wato ƙarfin bugun jini. In kana kwance naka daidai yake. In ka miƙe sai ya faɗi. Ku masu rijiya ne ko? To, kamar guga ne, zuciya ke jan jini zuwa sama. Kai in ka tashi, jinin sai ya zube ƙafafu, ya bar kai da ƙirji ba isasshe. Shi ya sa ido ke duhu, numfashi ya gaza. Ba huhunka ne ya lalace ba. Ga ka kuma dogo, hanyar ta yi nisa."

"A ba ni allura," na ce.

"Ya ce babu allurar wannan. Ka riƙa shan ruwa da yawa tun da safe, kada ka ƙi gishiri. In za ka tashi, ka fara zama, ka motsa ƙafafu, ka kama wani abu, sa'an nan ka miƙe sannu. Ka guji tsayuwa cikin rana. Kada ka cika ciki lokaci guda. In za ka kwanta ka ɗaga wajen kai. Ya ce wasu yana raguwa da shekaru, wasu kuma da shi za su zauna. Rijiya dai, ya ce kada ka sake."

Ban san abin da ya sa likitan ya yi haka ba, ko don ya nuna wa mai allura bambanci ne. Ya yafito ƙanena ya kwantar da shi, ya naɗa masa ɗamarar, ya auna, ya ce ya tashi. Ya yi wuf ya miƙe. Likita ya sake aunawa, ya juyo da agogon wajenmu yana murmushi, ya ɗaga babban yatsa. Allurar ta tsaya inda take. Ya bubbuga kafaɗarsa ya faɗi wata kalma, mai allura ya ce, "Wai wannan ƙarfe ne."

Na shekara ina son a sami wanda zai ce ba lalaci ke damuna ba. Ga shi an faɗa, da bakin Nasara, a gaban shaida. Amma da muka fito ba wannan nake juyawa a rai ba. Ashe har cikin jini an fifita shi.

A hanya muka tsaya gindin wani gawo don jaki ya huta. Ƙanena ya kwance salka ya miƙo mini.

"Sha, Yaya. Ka ji abin da aka ce."

"Yanzu kuma kai ne likitan?"

"Yaya, mi na yi maka?"

"Ba ka yi mini kome ba. Kai ai ba ka laifi."

Ya zauna ya tsinki ciyawa yana wasa da ita. Can ya ce, "Kana tsammani ina son shiga ramin nan? Wallahi duk ranar da za a zura ni, sai tsoro ya kama ni. A arewa ƙasa ta rufta da wani a gabana, muka tono shi ba rai. Ban faɗa wa Inna ba. In ina ƙasa, ba na ɗaga kai, don in na ga nisan sama sai in ji kamar in yi kuka."

"To, ka bari mana."

"In na bari, wa zai yi?"

Wa zai yi. Na san ba da nufi ya faɗa ba, amma ta shige ni kamar ƙaya. Wani zai ce jin tsoronsa ya kamata ya sanyaya mini rai. Bai sanyaya ba. Har tsoron na yi masa kishi. Shi yana da abin tsoro irin na maza, ramin da ke rufta wa mutum, abin da za a faɗa a yi shiru. Ni abin tsorona tashi daga tabarma.

Na dai karɓi salkar na sha.

Na bi maganar likita, ba don na yarda ba sai don ba ni da wata. Inna ta ji labari, ban san ta bakin wa ba. Daga ranar, kowace safiya sai in tarar da ƙwarya cike da ruwa a bakin ɗakina, miyata kuma ta fi ta kowa gishiri. Na sami sanda. Na koyi tashi daki-daki, kamar raƙumi: in zauna, in durƙusa, in dafa, in jira, sa'an nan in miƙe. Yara suka yi ta kwaikwayona a bayan ido. Abin ya ragu, har nakan taka zuwa kasuwa da kaina in rana ta yi sanyi, na kafa rumfa kusa da masu bisashe ina sayar da igiya da guga. Amma bai bar ni ba.

Sai maganar aure ta taso. Gidaje da yawa na son ƙanena, har wani mai garke ya aiko a faɗa wa Baba yana da ɗiya. Ni ba wanda ya aiko. Baba ya kira mu ya faɗa, yana magana yana kallon ƙasa. Ƙanena ya ce, "Baba, ba ni yin aure Yaya na zaune."

"Zaune nake, zaune kuma zan tabbata," na ce. "In jirana za ka yi, sai ka tsufa."

"To, in tsufa."

"Kada ka mai da ni abin sadaka! Ka ɗauki dagi, ka ɗauki suna, yanzu kuma ladan haƙuri kake so ka haɗa?"

Baba ya daka mini tsawa, irin wadda bai yi mini ba tun ina yaro. Na so in tashi in fice cikin fushi, amma mai irin ciwona ba ya ficewa cikin fushi. Sai da na durƙusa, na dafa sanda, na jira, suna kallona, sa'an nan na fita.

Ƙanena ya cika maganarsa, bai yi auren ba. Gari ya ɗauka, ana ta yabon sa, wai ba a taɓa ganin ƙane mai ladabi irinsa ba. Kowane yabo a kaina yake sauka. A ƙarshe wata bazawara mai sayar da fura kusa da rumfata, wadda muka saba hira da ita, ta ce mini wata rana, "Kai dai kullum an san inda kake. Wanda na rabu da shi, sai a shekara ban ga ƙeyarshi ba." Na aika aka tambaya, aka ba ni. Mace ce mai faɗa da dariya, mun zauna lafiya, Allah bai ba mu haihuwa ba. Bayan bikina da wata ɗaya aka yi nasa, da makaɗa da raƙuma daga arewa. Nawa ko rabinsa bai kai ba, na lura, na kuma san ba wanda ya lura sai ni.

Baba ya kwanta ciwon ajali ƙanena na arewa, lokacin an fara ɗaure rijiyoyi da siminti, Nasara sun sa shi shugaban masu haƙa. Ni na yi jinya, don zama aikina ne. Ina ba shi kunu, ina juya shi, ina kore masa ƙuda. Ya ba ni labarai da yawa da ban taɓa ji ba, na ƙuruciyarsa da na yadda kakanmu ya gangaro daga bakin hamada. Na ji daɗin kwanakin nan, ba zan ɓoye ba, don a cikinsu Baba nawa ne ni kaɗai. Amma duk motsin da aka yi a ƙofar gida sai ya ɗaga kai ya ce, "Ya iso?"

Ƙanena ya iso da hantsi, Baba ya cika tun da asuba. Bai ko shiga gida ba, ya karɓi dagi ya wuce maƙabarta, shi ya haƙa kabarin da hannunsa. Da aka ɗauki makara na sa kafaɗa, na yi 'yan taku, numfashi ya yanke, wani ya karɓe ni. Na zauna bakin hanya har na dawo daidai, na bi su a baya da sanda. Ko da na isa, ƙanena na cikin ramin yana karɓar Baba.

Bayan an share makoki ya zo rumfata da ɗansa na fari, wanda aka yaye bai daɗe ba. Ya zaunar da shi bisa tulin igiya.

"Yaya, ga ɗanka. Ni da uwarshi mun yi magana. Ka san ɗan fari ba ya jin daɗi a hannun iyayenshi."

Na dube shi in ga ko da wata manufa ya faɗa. Fuskarsa ba kome, sai gajiya. Na buɗe baki in ce ba na so, in ce ya isa haka da kyauta. Yaron ya kama bakin wata igiya ya sa a baki yana tauna, miyau na zuba. Matata ta taso daga wajen ƙwaryar furarta, ba ta tambayi kowa ba, ta ɗauke shi ta goya, ta ce, "Ku ƙarasa maganarku, mu mun tafi gida."

Ƙanena ya koma arewa washegari. Yaron ya tashi a hannunmu, ni yake kira Baba, uban da ya haife shi kuma yana ce masa Baba Ƙarami. In ya zo ganin gida ya ji an kira shi haka, sai ya yi dariya ya amsa. Ni kuwa nakan sa yaron ya maimaita.